Ranar da Na Haɗa wa Kaka Zabira

Jiya da yamma an yi yayyafi a nan Tumfure. Da na fita zan rufe ƙofar gida, na dafa ƙarfenta a jiƙe, sannan na ɗaga hannu zan gyara mayafi, sai warin tsatsa ya taso daga tafina. Ɗan wari ne da ba kowa zai kula da shi ba. Ni kuwa sai na tsaya cak, gabana yana faɗuwa, masu keke suna wucewa suna fantsama ruwan kan titi, ban ko ja da baya ba. Shekaru sun tafi, na yi karatu, na yi aure, amma har yau warin ƙarfen da ruwa ya taɓa yana mayar da ni 'yar shekara goma sha ɗaya, ina tsugune a bayan randa, ina roƙon Allah ya dawo mini da kakana.

Bari in ba ka labarin tun daga farko, mai karatu, don ban taɓa faɗa wa kowa shi a jere ba.

Kakana na wajen uba wanzami ne. A gidanmu na Kumbiya-Kumbiya zaure nasa ne, haɗe da ɗan ɗakin da ke jikinsa. Ba carar zakara ke tashe ni ba a lokacin, ƙarar askarsa ce a kan dutsen washi, a hankali, tafi da dawo, kamar numfashin mai barci. Kafin hantsi dattawan unguwa sun jeru a tabarma, kowa ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Kaka zai tsoma yatsu a ƙoƙon ruwa ya jiƙa kan mutum, ya murza sabulun salo har ya yi kumfa, sannan ya tallafe kan da hannun hagu kamar mai riƙe da ƙwai. Ba ya magana in aska tana kan fata. Sai ya ɗaga ta yake ba da amsar abin da aka tambaye shi.

Baba shi kaɗai ne ɗansa namiji, shi kuma koyarwa ya kama a makarantar gwamnati, bai taɓa riƙe aska ba. Mace ba ta wanzanci, wannan kowa ya sani. Amma babu wanda ya ce mace ba ta wanke aska. Haka na shiga aikin ta ƙofar baya, tun ina 'yar shekara takwas.

“Amarya,” haka yake kirana, “zo ki karɓi kayan mijinki.”

“Ni na ce maka ina son tsoho mara haƙori?”

“To ki dawo mini da ƙosan da na ciyar da ke.”

Sai in zo ina dariya in durƙusa.

Zabira ita ce jakar fatar da wanzami ke zuba kayan aikinsa. Tasa ta yi baƙi don tsufa, tana ƙanshin man kaɗanya da sabulu da kuma wani abu da ban san sunansa ba, ƙanshin Kaka dai. Asake uku ne a ciki. Babba ta askin kai, matsakaiciya ta gemu da saje, sai ƙarama ta jarirai, wadda ya gada daga mahaifinsa, washi ya cinye ta har ta koma siririya kamar ganyen ciyawa. In zai yi tafiya, haɗa zabira aikin yini guda ne. Za a wanke kowace aska da ruwan ɗumi, a goge ta daga baya zuwa baki, ba a bin tsawon kaifi. A shanya ta a rana, sai ka ɗora ta a kumatu ka ji ɗuminta sannan ka yarda ta bushe. A shafa mata man kaɗanya kaɗan, a naɗe ta a farin ƙyalle ita kaɗai, a ɗaure da baƙin zare. Dutsen washi kuwa shi ne mai ha'inci. Yana shan ruwa ya ɓoye, sai an rufe jaka ya fara gumi, don haka tun safe ake kai shi kan katanga. Sabulu a gwangwani, a can ɗaya gefen, nesa da ƙarfe. Ƙaho a toshe bakinsa da auduga. Ƙoƙo shi ne na ƙarshe, a kife shi a sama, sannan a zagaya igiyar fata sau uku.

“Aski ba ya yiwuwa sai da ruwa,” in ji shi, “amma kada ki bari aska ta yi tafiya da ko ɗigo ɗaya.”

Shekarar farko yana kwance duk abin da na naɗe ya duba. Shekara ta biyu yakan ɗan matsa jakar da hannu. Daga nan ya daina. In na miƙa masa, sai ya rataya kawai.

Sai waɗancan shekarun suka zo, waɗanda duk ɗan Gombe da ya yi wayo a cikinsu bai manta ba. Buhunan yashi suka tsiro a mararraba. Gari ya koyi yin shiru da wuri. In tayar mota ta fashe, sai ka ga kasuwa ta watse, takalma a zube a ƙasa, kafin a gane a dawo ana dariyar da ba ta kai ciki ba. A makaranta an koya mana yadda za mu kwanta rub da ciki a ƙarƙashin benci. Manya suna rage murya in mun shigo, su ba su san cewa rage muryar ya fi maganar ba mu tsoro ba. Labaran hanya su ne mafi muni. An ce a kowane shingen bincike sai fasinjoji sun sauka, sun taka da ƙafa, hannu a sama, an buɗe kayan kowa. Wata rana ina shara a bayan taga na ji Baba yana faɗa wa Inna, mahaifiyata, cewa an sauke wani mutum daga mota saboda wuƙa ɗaya da aka gani a jakarsa, kuma har lokacin iyalinsa ba su san inda yake ba. Ban san ko gaskiya ne ba. Na dai haɗiye maganar, ta zauna mini a ciki kamar tsakuwa.

A tsakiyar damina saƙo ya zo ta hannun wani direba cewa Goggo, ƙanwar Baba, ta haifi ɗa namiji. Tana aure a wani ƙauye gaba da Dadin Kowa, ta hanyar Biu, inda a lokacin ko sabis ɗin waya babu. Suna ranar Alhamis. A danginmu kuwa duk jaririn da aka haifa, gashinsa na fari da ƙaramar askar nan ake sauke shi. Da ita aka yi wa Baba, da ita aka yi mini.

Baba ya durƙusa a zaure ya yi roƙo. Ya ce hanya ba kyau, ya ce a bari ƙura ta lafa, ya ce, “Baba, a can babu wanzami ne?”

“Akwai wanzami,” in ji Kaka. “Askar ubana ce babu.”

Ranar Talata ya ce in haɗa masa zabira, zai tafi Laraba da sassafe ya dawo Jumma'a.

Na wanke, na goge, na shanya. Rana ta ɗan leƙo tsakanin gajimare, asaken suna kwance a kan faifai suna walƙiya, ni kuma ina kallonsu. A ranar ne na fara ganinsu da idon baƙo. Ba kayan aikin Kaka nake gani ba. Wuƙaƙe uku nake gani, masu kaifin da ke raba gashi biyu, a cikin baƙar jaka, a kafaɗar tsoho mai rawani wanda ba shi da katin shaida, don bai taɓa yarda ya je an ɗauke shi hoto ba. Wuƙa ɗaya ta ɓatar da wani. To uku fa?

Da aka kira la'asar ya tafi masallaci, sai na shiga ɗakinsa. A kan farantin da yake ba baƙi shayi akwai cokula na ƙarfe. Na ɗauki biyu manya da ƙarami ɗaya. Na shafa musu mai, ban san dalilin da ya sa na yi hakan ba, hannuna ne ya saba. Na naɗe kowanne a farin ƙyalle, na ƙara ninki don kada kan cokalin ya nuna, na ɗaure da baƙin zare, na sa kowanne a gurbinsa. Asaken kuwa na dunƙule su a tsumma na tura bayan randa, cikin yashin da ke ƙarƙashinta. Lissafina mai sauƙi ne. Zai wuce shingaye lafiya, in ya isa ya gano, ya ari aska wurin wanzamin ƙauyen. Zai yi fushi. To ya yi fushin, in dai da ransa.

Da safe ya rataya zabira ya ɗauki lema.

“Amarya, kaya sun cika?”

“Sun cika.”

“Allah ya yi miki albarka.” Ya dafa kaina da wannan hannun mai sanyi, ya fita. Na bi shi da kallo har ya sha kwana wajen mai ƙosai. Zuciyata wasai. Na ɗauka na ceci kakana.

Wajen azahar maƙwabciyarmu ta shigo. Kirista ce 'yar Kaltungo, ma'aikaciyar jinya, katanga ɗaya ta raba mu, kuma ita ce ta karɓi haihuwar ƙannena biyu. Ta tarar Inna ta yi tagumi, ni ina tsince shinkafa a gefe.

“Haba maman yara, wannan fuska fa? Sai ka ce an ce miki an fasa Sallah.”

Inna ta ce tsohon ne, ga shi ko kati ba shi da shi.

“Baba wanzam? Kai, ki bar wannan tunani. Zabirar nan tasa ta fi katinmu duka. Ni da nake bin hanya kullum na sani. Mai gyaran takalmi ya nuna allurarsa, ni in nuna farar rigata. Shi da zarar masu bincike sun buɗe sun ga asake da ƙaho, shi ke nan, har gaishe shi za su yi. Wanda suke tsoro shi ne wanda zai ce shi abu kaza ne, a duba kayansa a ga ba haka ba. Wannan kam sai Allah.”

Inna ta sauke ajiyar zuciya, har ta yi murmushi. Ni kuwa farantin shinkafar ya yi mini nauyi kamar dutse. Kunnuwana suka ɗauki ƙara. A zuciyata na ga Kaka a tsaye a gefen titi, hannu a sama, yana cewa da muryar nan tasa mai natsuwa, ni wanzami ne, ku buɗe ku gani. Na ga ana kwance baƙin zaren da na ɗaura da hannuna.

Ban san yadda zan kwatanta maka kwanakin da suka biyo baya ba. Komai na gidan yana nan yadda yake, amma kamar an janye masa launi. Ruwan sama yana sauka a kan kwano, da can nakan ji shi kamar kiɗa, yanzu sai nake jin kamar takun mutane da yawa suna tahowa. Duk sallamar da aka yi a ƙofa sai in zabura in leƙa. Inna ta taɓa goshina ta ce ko zazzaɓi ne, ta jiƙa mini magani, na shanye ɗacinsa ina jin ya dace da ni. Sau uku na je bakin ɗakinta da niyyar faɗa. Sau uku na tsaya ina kallon bayanta tana ninke kaya, sannan na juya. In na faɗa, me za a yi? Babu waya. Babu mai bin bayansa. Abin da kawai zai canja shi ne yadda za su dube ni.

Ranar Alhamis, ranar suna, da hantsi, na faki ido na tsugunna a bayan randa na jawo tsumman. A jiƙe yake sharkaf. Ni da na san dutse yana gumi, na manta randa ma tana yi. Na buɗe, sai ga jan tsatsa ya bi bakin asaken kamar ƙuraje, ya fi yawa a kan ƙaramar. Warin ya daki hancina. Na goga da bakin zanena, ya ƙi fita. A nan na yi kukan da ba shi da sauti, goshina a jikin randa mai sanyi, ina cewa ya Allah ka dawo da shi, ko da ba zai ƙara kirana amarya ba.

Jumma'a ta zo. Dattawa biyu suka shigo zaure don sabo, suka zauna, suka cire hula, sannan suka tuna, suka mayar suka tafi. Aka sauko daga masallaci bai zo ba. Aka yi la'asar bai zo ba. Baba ya tafi tasha. Da ya dawo bai shigo kai tsaye ba, ya daɗe a zaure. Da ya shigo ya ce wa Inna, a hankali, wai direbobi suna cewa ranar Laraba an sauke wani tsoho a shingen da ke gaba da gada, ba a bar shi ya ci gaba ba. Ba su san ko wane ne ba.

Inna ta saki salati ta zauna a ƙasa. Ni na san ko wane ne. A duk gidan, a duk garin Gombe, ni kaɗai na san dalili.

Ranar Asabar bayan azahar mota ta tsaya a ƙofar gida. Na riga kowa fita. Direba ne ya fara saukowa, wani ƙato mai fara'a, kansa a aske tal yana sheƙi. Ya zagaya ya buɗe ƙofa, ya riƙo hannun Kaka. Rigarsa duk busasshen taɓo, idanunsa sun faɗa, kuma da rawaninsa ya zame na ga farin gashi ya tsiro masa a ka, abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni. Zabira tana kafaɗarsa. Ya dube ni sau ɗaya, ba fushi, ba murmushi, ya wuce ciki.

Direban ne ya ba da labari a tsakar gida, yana shan ruwa yana yarfa hannu.

“Wallahi Malam, ni na ce yau mun gama yawo. Aka ce kati, Baba ya ce ba shi da shi, shi wanzami ne, ga zabira. Yaron da ke bincike, ƙaramin yaro ne fa, shi ma a tsorace yake, ya kwance ƙyalle na farko, cokali. Na biyu, cokali. Na uku, ɗan cokalin shayi! Ya ja da baya ya ɗaga bindiga, yana cewa wane ne kai, wa ya aiko ka, me ka yi da wuƙaƙen. Fasinjoji kowa ya kwanta. Aka ce in ja motata in tafi. Baba aka zaunar da shi a bayan buhuna, ga ruwa ana yi.”

Ya ce ya kai fasinja ya kwana, ya dawo washegari don zuciyarsa ta ƙi barinsa. Ya tarar wani babba a cikin masu binciken ya zo, mai furfura. Shi ne ya dubi Kaka ya ce ya naɗe hannun rigarsa na hagu. Daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu babu gashi ko ɗaya, sumul kamar na jariri, don a nan wanzami ke gwada kaifin aska duk safiya. Shekara uku ina durƙusawa a gabansa ban taɓa lura ba. Mutumin ya ce wanzamin garinsu ma haka hannunsa yake. Amma bai tsaya nan ba, ya aika aka sayo reza a shago, ya ce a nuna musu.

“Sai aka rasa wanda zai ba da kai. Na ce to, ni dai gashin ya dame ni dama.” Ya shafa ƙoƙon kansa. “Ku duba. Ko ƙwarzane. Tsohon da ya kwana a ruwa fa! Da ya gama, yaron nan mai bindiga har da cewa Baba ka yi haƙuri.”

Sun isa ƙauyen an riga an raɗa suna, amma Goggo ta hana kowa taɓa kan yaron. Ranar Jumma'a da safe Kaka ya yi masa aski da rezar shago.

Aka yi ta hamdala. Sai Inna ta juyo a hankali ta dube ni. “Ba ke kika haɗa zabirar ba?”

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe.

“Ta haɗa daidai,” in ji Kaka, idonsa a kan ƙoƙon kunun da aka ba shi. “Ni ne na sake kwancewa da asuba in ƙara musu washi. Ga duhu, ga farantin shayi a kusa. Na naɗe abin da hannuna ya taɓa. Tsufa ne.”

Na ga Baba ya dubi mahaifinsa, wani irin kallo mai tausayi da tsoro, ya sunkuyar da kai.

Bayan kwana biyu Baba ya sake durƙusawa a zaure. Ina bayan ƙofa. Ya ce shi ba zai iya ba Kaka umarni ba, amma mutumin da ya kasa bambance aska da cokali, yaya za a miƙa masa kan jariri? Ya ce yau cokali ne, gobe ba a san me zai faru ba, kuma sunan da aka gina shekara hamsin rana ɗaya zai rushe. Ya roƙe shi ya huta. Na jira in ji Kaka ya yi gardama irin wadda ya yi kan tafiya. Sai na ji ya ce, “To. Na ji.”

Da Baba ya fita na shiga da tsumman a hannu. Na ajiye a gabansa, na durƙusa, na kasa ɗaga kai. Ya buɗe. Ya ɗauki ƙaramar ya juya ta wajen haske, ya daɗe yana duban tsatsar.

“Bayan randa?” ya tambaya.

Na gyaɗa kai.

“Duk koyarwar da na yi miki. Ko cikin buhun gero ai da kin sa.” Sannan ya zaro cokulan daga zabira ya jera su. “Amma kin shafa musu mai. Da na ga haka na ce, to, amaryata ce, ba aljani ba.”

Kuka ya ƙwace mini. Na ce tsoro na ji, na ce an ce wuƙa ɗaya ta ɓatar da wani, na ce yanzu zan je in faɗa wa Baba gaskiya don a bar shi ya ci gaba da aikinsa.

“Zauna.” Bai ɗaga murya ba. “Kin sa an kira ni maƙaryaci a kan titi, ba da nufi ba, na yafe. Yanzu kuma za ki je ki mayar da ni maƙaryaci a gidana, da nufi?”

Na koma na zauna.

“Saurara. Ranar da na ɗora reza a kan ɗan goggonki, hannuna ya yi rawa. Kaɗan, ba wanda ya gani. Ni na ji. Wanzami ba ya jira sai ya ga jini kafin ya ajiye aska. Da ma ina neman hanyar da zan ajiye ban samu ba. Ki bar maganar nan a inda take.”

Na bar ta. Ya koya mini yadda ake cire tsatsa da toka da mai, muka yi yini biyu a kai. Manyan sun dawo. Ƙaramar ta fita da wani ɗan rami a bakinta wanda washi bai iya shafewa ba. Dattawan unguwa suka koma wurin wani wanzami a Hammadu Kafi, wasu kuma jikokinsu suka ja su shagon aski mai inji. Zaure ya zama wurin ajiye babur. Safiya ta zama shiru.

Yanzu an kwashe yawancin buhunan yashin. Hanyar da ta ci wa Kaka kwana huɗu, mutane suna zuwa su dawo a yini ɗaya suna hira a waya. Wanzaman ma sun canja. Wanda ya yi wa 'yata askin suna bara matashi ne, ya zo da ƙaramar jakar leda, ya sa safar hannu, ya ɓare sabuwar reza a gabanmu, da ya gama ya jefar da ita. Na san hakan ya fi tsabta, karatuna ya gaya mini, kuma ban yi gardama ba. Sai dai babu abin da za a wanke, babu abin da za a shanya a naɗe. Ya gama ya tafi, bai bar ko ƙanshi ba.

Kaka ya yi shekara shida bayan wannan tafiya kafin Allah ya karɓi abinsa. A duk shekarun nan ni ce mai kai masa kunu da safe, kuma ban taɓa ajiyewa in tafi ba. Nakan zauna in yi kamar ina wasa da zaren tabarma, alhali hannunsa nake kallo. Ina so in ga rawar nan da ya ce ya ji. Ina so in gan ta ko sau ɗaya, don in samu in yi barci. Yakan cika ludayi har baki, ya ɗaga shi a hankali daga ƙwarya zuwa leɓensa, yana kallona ta gefen ido.

Shekara shida ina kallo, mai karatu. Ko ɗigo ɗaya bai taɓa zuba ba.